Yadda zaka ba gonar itatuwanka taki, tun daga rami har bayan sara

Duk shekara idan damina ta kusa sai mutane su fara tambayata, wai na samu fili zan dasa turare ko darbejiya, buhu nawa na taki zan saya. Amsar da nake basu bata cika yi musu daɗi ba, don ce musu nake ku ajiye maganar buhu tukuna, ku gaya min wace irin ƙasa ce, kun haƙa ramuka ko baku haƙa ba, sannan waye zai nome muku ciyawa a watan Agusta. Itace ba masara bane. Masara wata uku ce zuwa huɗu, ka zuba mata taki ta ci ka karye ta ka tashi, shi kuwa itace zai zauna a wurin nan shekara biyar, goma, ashirin, kuma yawancin abincin da zai ci a wannan dogon zama ba daga buhu zai fito ba, daga ganyen da shi kansa yake zubarwa zai fito. Aikin takin da kake saya kawai shine ya raka dashen daga ranar da ka fasa ledarsa zuwa ranar da rassa zasu haɗe su yiwa ƙasa inuwa, wato shekara biyu zuwa uku na farko. Wanda ya gane wannan ya rage kashe kuɗi, kuma ƙasarsa bazata mutu ba bayan sara na biyu ko na uku.

Bari in fara da abinda ya sameni, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarar da na fara dashen turare, na je kasuwa na tambayi wani mai shagon taki me zan sa musu su yi saurin tashi, yace yuriya, cikin hannu guda a gindin kowanne. Haka kuwa nayi, kwana uku da dashe, rana tsaka, na zuba a jikin karan ma ba a gefe ba, kuma ban rufe da ƙasa ba. Ba'a yi sati ba ganye ya fara ƙonewa daga baki, ya koma kamar an babbake shi. Wani dattijo da gonarsa take maƙwabtaka da tawa, tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya zo ya tsuguna ya tone guda ɗaya da yatsa ya ɗago min, saiwoyin nan sirara da ya kamata ace farare ne tas duk sun yi baƙi sun langaɓe. Ya kalleni yace, ɗana, jariri ka ɗurawa tuwo. Nace Baba to yanzu ya zanyi, yace ka jira ruwa, wanda zai tashi zai tashi, sauran ka sake dasawa. Fiye da rabin layukan da na fara zubawa sai da na sake su. Daga wannan dattijon na koyi yawancin abinda zan faɗa anan, sauran kuma shekaru ne suka koya min.

Toh abu na farko, ka san ƙasarka. Hausawa sunce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, ka ɗauki diga ka haƙa rami mai zurfi kamar zuwa ƙugu a wuri biyu ko uku cikin filin, ka duba da idonka. In jigawa ce rairayi har ƙasa, to ka sani bata riƙe ruwa bata riƙe taki, duk abinda ka zuba da yawa ruwan marka zai wanke shi ya wuce inda saiwa bata kai ba. In laka ce ta fadama tana riƙewa amma ruwa yana iya kwanciya ya ruɓar da saiwa. In kuwa ka yi kamu ɗaya ka ci karo da marmara, to wannan babu takin da zai gyara ta, ko dai ka fasa ta a kowane rami ko ka nemi wani wurin. Mutane da yawa suna ɗora laifi akan taki alhali saiwa ce ta je ta daki dutse ta tsaya.

In kana da hali kuma filin yana da girma, ka kai ƙasar a gwada. Ana yi a cibiyar binciken aikin gona ta IAR dake Samaru a Zariya, ana yi a sashen nazarin ƙasa na jami'o'i kamar Bayero ta Kano, a Nijar kuma akwai cibiyar binciken noma ta ƙasar, wato INRAN. Ka bi filin a karkace kana ɗiban ƙasa a wuri goma zuwa sha biyar, ta sama daban, wato taƙi ɗaya na farko, ta ƙarƙashinta daban, ka gauraya kowacce a bokitin roba mai tsabta, ka ɗebi kamar rabin kilo, ka shanya a inuwa. Kar ka ɗiba a gindin suri ko inda aka taɓa ƙona sassabe ko makwancin shanu, zasu baka sakamakon da ba na filin bane. Abinda aka fi samu a ƙasarmu ta arewa dai sananne ne, ƙarancin ruɓaɓɓen ganye a cikin ƙasa, ƙarancin nitrojin, da ƙarancin fosfarus. Wannan na ƙarshen shine itace yafi jin rashinsa lokacin da yake ƙarami domin da shi saiwa take yaɗuwa.

Irin itacen ma yana da nasa hali. Turare, wanda wasu ke kira zaiti, asalinsa daga Ostireliya yake, yana da saurin girma kuma yana da ci, shi yafi nuna bambanci in an bashi taki. Malaina da tik, itatuwan da ake yin katako da su, suna son ƙasa mai zurfi da ruwa mai yawa, shi yasa zaka ga gandun tik a Nimbiya can kudancin Kaduna amma bazaka ganshi a Daura ba. Darbejiya, ko dogonyaro ko bedi ko maina, ya danganta da garinku, tana da haƙuri sosai, da ɗan taki a rami ma ta wadatu. Su kuwa dakwara da bagaruwa da gawo suna da wasu ƙananan ƙulalai a saiwarsu irin na gyaɗa da wake, da suke jawo nitrojin daga iska, don haka basu yuriya asarar kuɗi ce, in ma ka cika musu sai ƙulalan su daina aiki, fosfarus kawai suke nema. Amma a kula, kasiya duk da tana yin kwanso kamar danginsu bata wannan aikin, na sha jin ana cewa tana yi.

Yanzu maganar takin gargajiya, kuma anan zan daɗe domin nan ne ƙashin bayan aikin. Takin zamani abinci ne kawai, shi kuwa na gargajiya abinci ne kuma rumbu ne, shi yake sa jigawa ta iya riƙe laima da riƙe shi takin zamanin ma. Amma sharaɗi sai ya ruɓe. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji in ka zuba a rami zafi zai yi ya dafa saiwa, ga kuma gara da yake gayyatowa, kuma duk wanda ya taɓa dasa turare ya san gara ce babbar abokiyar gabarsa a shekarar farko, zaka ga tsiro lafiya lau yau, jibi ya bushe a tsaye, ka ja shi ya taho a hannunka babu saiwa. Don haka tun watan Fabrairu ko Maris zaka fara. Ka haƙa rami a inuwa kusa da inda zaka samu ruwa, ka shimfiɗa yankakken kara ko ɓuntun shinkafa ko busasshen ganye, ka bi da kashin dabbobi, ka ɗan barbaɗa toka da ƙasar sama, ka yayyafa ruwa, ka sake wani hawan haka har ramin ya cika, sai ka rufe da tsohuwar tabarma ko zana. Laimar da ake so ita ce in ka damƙa a hannu ya dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Ka soka sanda a tsakiya, bayan kwana uku zuwa huɗu ka zaro ka taɓa, in da ɗumi aiki yana tafiya, in sanyi ƙalau to ko ruwa ya yi kaɗan ko kashi ya yi kaɗan. Duk sati biyu zuwa uku ka juya shi. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi ya koma ƙamshin ƙasar da aka yiwa ruwan farko, bazaka iya gane wannan kara bane wannan kashi bane. Wannan shine takin da ake sawa a rami.

Mu na kewayen Kano mun saba da takin bola da ake ɗebowa daga birni, yana da ƙarfi ba ƙarya, amma bolar yanzu ba irin ta da bace, cike take da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura, dan Allah a tankaɗe shi da waya kafin a kai gona, ledar da ka binne yau jikanka zai tarar da ita. In kuma kana da kyakkyawar alaƙa da Fulani, ka roƙi su kwantar da shanu a filin da rani kafin shekarar dashe, wannan tsohuwar dabara ce da ta fi kowace arha, amma da zarar ka dasa shikenan sai shinge.

Ramin dashe kuma ka haƙa shi tun da bazara, Afrilu zuwa Mayu, faɗi kamu ɗaya zurfi kamu ɗaya, kusan santimita 40 zuwa 50 kenan. Ƙasar sama ka ajiye ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Ka gauraya ƙasar saman da shebur ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen takin nan, ka ƙara supa, wato takin zamani mai fosfarus, kamar giram 50 zuwa 100, ka mayar cikin ramin ta zama ita ce a ƙasa, sai ka cike da sauran. Dalilin da yasa supa take shiga rami shine fosfarus baya tafiya a cikin ƙasa, inda ka ajiye shi nan zai zauna, in ka watsa shi a sama saiwa bazata ganshi ba sai bayan an daɗe. Kuma supa bata ƙuna kamar yuriya, sannan akwai sinadarin farar wuta da na alli a cikinta, ƙari kenan. Ka bar ramin ya sha ruwa biyu ko uku ya kwanta kafin dashe. Lissafa ka gani, shebur biyu a rami dubu da ɗari na kadada ɗaya bai kai ko kusa da takin da zaka nema in zaka baza a duk kadadar ba, kuma duk wanda ka baza tsakanin layuka ciyawa ka ciyar.

In filinka fako ne, irin wanda ruwa ke gudu akai kamar siminti, ka koyi abinda mutanen yankin Tawa a Nijar suka yi, su Illela da Keita, da tassa, wato ƙananan ramuka masu tara ruwa, da rabin wata suka dawo da filayen da kowa ya fidda rai da su. Ka yi kunya mai siffar jinjirin wata bakinta yana kallon inda ruwa ke gangarowa, ramin itacen a cikinta, taki a ramin. A irin wannan wuri ruwan ne taki na farko, in babu laima ko buhu goma ka zuba a banza.

Sai lissafi. In tazararka mita 3 ce ta kowane gefe, kusan taku huɗu na babban mutum, kadada ɗaya zata ɗauki itace 1,111. In mita 4 ce 625, in mita 2 ce 2,500. Giram 50 a kowane gindi a tazarar mita 3 ya kama kilo 55 da ɗoriya, wato buhu ɗaya da ɗan kai tunda buhu kilo 50 ne. Giram 100 kuma buhu biyu da 'yan kwanuka. Kaga ba wani abin tashin hankali bane. Lambobin dake jikin buhu kuma kaso ne cikin ɗari, kamfa mai 15:15:15 a buhu ɗaya akwai kilo 7 da rabi na kowanne daga cikin ukun, wato nitrojin da fosfarus da fotasiyam, yuriya kuwa kaso 46 ce nitrojin zalla, ta ninka kamfa sau uku, shi yasa take ƙuna. Ba wanda zai riƙa yawo da sikeli a gona, abinda zaka yi shine ka samu ƙaramin gwangwanin tumatir, ka je wajen mai sikeli sau ɗaya a auna maka giram 50, ka zuba a gwangwanin ka yanke shi daidai inda takin ya tsaya, ka yi irinsa guda nawa kake da ma'aikata ka raba musu. In ka ce kowa ya ɗiba da hannu, wallahi kafin a kai rabin gona buhu ya ƙare, layin farko sun ƙoshi har sun ƙone na ƙarshe basu samu ba.

Dashe sai ruwa ya zauna, a yawancin wurarenmu ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da yamma ko ranar da ake lumshi. Ranar dashe babu kamfa babu yuriya. Ka jira sati uku zuwa huɗu har ka ga sabon toho ja-ja ya fito a kai, alamar saiwa ta kama kenan. Sannan ka nome kewayen tas, ka ja da'ira da fartanya nesa da karan kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zurfin ɗan yatsa, ka zuba kamfa giram 50 ka zagaye, ka rufe da ƙasa ka ɗan taka. In ana sauri rami biyu ma ya isa, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, in gangare ne ka sa ta sama. Ƙasa ta kasance da laima amma ba ana tsakiyar sheƙa ruwa ba. A jigawa raba shi biyu yafi, rabi yanzu rabi bayan sati huɗu zuwa biyar. Wannan dabarar ta kaɗan-kaɗan a gindi ba baƙuwa bace, cibiyar binciken noma ta ICRISAT dake Sadore kusa da Yamai ta daɗe tana koyar da manoman gero su sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, kusan giram 6 na kamfa, a kowane gurbi maimakon watsi, tunani ɗaya ne.

Abinda nake so a kiyaye sosai shine kar a sa nitrojin a ƙarshen damina. In Satumba ta shiga ka ɗaure bakin buhu. Itacen da ka tunzura ya fitar da ɗanyen toho mai yawa ana gab da ɗauke ruwa, hunturu na zuwa zai bushe daga sama, ga awaki da suka fi son irin wannan ganyen. Kuma in dole sai ka yi amfani da yuriya, rufe ta wajibi ne, in ka barta a sama cikin zafin rana iska take bi, wannan warin mai hawa hanci da kake ji kuɗinka ne ke tashi. Kar kuma ka haɗa ta da toka, toka tana ƙara saurin tashinta. Tunkuzar 'ya'yan darbejiya in ka samu ka daka ka gauraya da ita tana rage saurin narkewarta a ƙasa, a Indiya ma tun 2015 gwamnati ta wajabta a riƙa shafe yuriyar da ake yi a ƙasar da man darbejiya, mu kuma ga 'ya'yan nan suna zuba a tituna muna sharewa muna ƙonawa.

Ciyawa, ciyawa, ciyawa. Duk wanda bazai iya noma ba to kar ma ya sayi taki, don saiwar ciyawa ta fi ta ƙaramin itace yawa da sauri, ita zata cinye ta yi tsawo ta rufe shi, da rani kuma ta zama makamashin gobara. Kewayen kowane gindi kamar mita ɗaya ya zauna a share, noma biyu zuwa uku a damina. Ciyawar da ka nome ka shimfiɗa ta a kewayen don ta riƙe laima, amma ka bar tazara kar ta taɓa karan saboda gara. Hanya mafi sauƙi da na gani ita ce ka shuka gyaɗa ko wake ko waken suya tsakanin layuka a shekara biyu na farko, ma'aikatan daji suna kiran wannan tsari taungiya, daga ƙasar Bama dake Asiya, wadda yanzu ake kira Myanmar, sunan ya fito. Noman da zaka yiwa gyaɗar ya wadatar da itacen, supar da ka sa mata shima zai laɓa ya ci, kuɗin gyaɗar kuma ya biya maka lebura. Dawa da masara dai a nesanta su da layi, suna da ci kuma suna yin inuwa, rake da rogo kam ban bada shawara ba.

Damina ta biyu ka ninka awon, giram 100, kuma ka matsa da da'irar zuwa daidai inda inuwar rassa ta ƙare da tsakar rana, can bakin saiwoyin da suke ci suke, ba a gindi ba. A nan ne ya kamata ka fara karanta ganye. In tsofaffin ganyen ƙasa suka yi ɗorawa-ɗorawa gaba ɗaya itacen kuma ya tsumbure, nitrojin ne. In ganye ya yi duhu da ja-ja ko shuɗi-shuɗi ya ƙanƙance, fosfarus ne. In bakin ganye ne yake ƙonewa yana zagayowa, fotasiyam ne, kuma tokar murhu tana taimakawa. In sabon ganye ne ya yi fari jijiyoyinsa suka zauna kore, galibi ƙasa ce mai kanwa, ƙara kamfa bazai yi komai ba. Amma kafin ka yanke hukunci ka tona gindi ɗaya ka gani, domin kwanciyar ruwa da gara duk suna kawo ɗorawar ganye.

Akwai kuma wata cuta ta turare da mutane ke ɗauka fari ne. Da rani sai ka ga kan itacen ya bushe ya mutu, damina na zuwa ya fitar da rassa uku huɗu daga ƙasan wurin, itacen da kake so ya miƙe ya zama azara ko turken wuta ya koma kamar tsintsiya. Sau da yawa rashin wani sinadari ne a ƙasa mai suna boron. Masu binciken daji na tashar Samaru sun ga haka tun da daɗewa a gwaje-gwajen da aka yi a gandun Afaka kusa da Kaduna, inda boron da fosfarus suka nuna tasiri akan turare. Maganin ana sayar da shi da sunan boraks, amma a nan ina roƙo kar kowa ya yi gaban kansa, tazarar dake tsakanin magani da guba a boron siririya ce ƙwarai, 'yan giram ne a gindi, ka nemi malamin daji ko malamin gona ya auna maka gwargwadon ƙasarka.

Wajen sayen taki kuma araha bata ado. Ka sa a ɗora buhu a sikeli a gabanka, ka duba ɗinki ko an farke an sake. Yuriya gwajinta mai sauƙi ne, ka zuba cokali biyu a kofin ruwa ka motsa, ta gaskiya zata narke ƙarƙaf kuma kofin zai yi sanyi a hannunka kamar an sa ƙanƙara, in ka ga rairayi ya kwanta a ƙasa ka mayar masa da kayansa. Kamfa ita dama bata narkewa duka, don haka wannan gwajin ba nata bane. Ajiya kuma akan katako, a ɗakin da baya yoyo, nesa da hatsi da yara. Kuma in filinka yana bakin rafi ko kusa da rijiyar da ake sha, ka bar 'yan layukan bakin ruwan da takin gargajiya kawai, abinda ruwa ya wanke daga gonarka cikin tulun wani zai ƙare.

Wata dabara da Baba, dattijon nan maƙwabcina, ya sa ni nayi kuma nake so kowa ya yi, ka bar layi biyu a tsakiyar gona ba tare da takin zamani ba, ka ɗaura musu ƙyalle. Ƙarshen kowace damina ka zo da gora ka gwada tsawon guda goma a cikinsu da guda goma a maƙwabtansu, ka rubuta a littafi. Gani ya kori ji. In bambancin a bayyane yake ka ci gaba, in babu to ƙasarka bata buƙata, ka mayar da kuɗin wajen shinge da noma.

Daga shekara ta uku zuwa sama, in rassa sun haɗe ciyawa ta fara mutuwa da kanta saboda inuwa, ka daina sayen taki. Yanzu gonar ce ke ciyar da kanta, saiwa ta jawo daga can ƙasa, ganye ya zubo ya ruɓe, saiwoyin sama su sake ɗauka. Aikinka ya koma gadin wannan ganyen. Kuma anan ne nake ganin ana yin ɓarnar da ta fi min ciwo, mutum ya share ƙarƙashin itatuwa tas wai tsabta, ya tara ya cinna wuta. Wuta tana kora mafi yawan nitrojin da sinadarin farar wuta sama, tokar da ta rage kuma iskar hunturu ta kwashe ta kai gonar wani. Na san tsoron gobara ne, kuma tsoro ne na gaskiya, amma maganinsa shine ka share hanyar wuta mai faɗin mita huɗu zuwa biyar ka zagaye gonar tun Oktoba zuwa Nuwamba kafin ciyawa ta gama bushewa, in gonar babba ce ka ratsa ta tsakiya ma, cikin kuwa ka bar ganye ya kwanta. In ka tarar da gawo ko kalgo ko sabara sun tsiro da kansu a gefe ko a gurbin da dashe ya mutu, kar ka tumɓuke, ka gyara musu rassa irin sassaben zamani da mutanen Maraɗi suka shahara da shi tun shekarun 1980. Ganyensu yafi na turare saurin ruɓewa, gonar da take turare zalla kuwa ganyenta yana daɗewa bai narke ba.

Ranar sara ita ce ranar da ake yiwa ƙasa sata ba tare da an sani ba. Gungumen itace shi kansa abincin dake cikinsa kaɗan ne in aka gwada da nauyinsa, ƙarfin yana cikin ganye da ƙananan rassa da ɓawo, ɓawon turare musamman cike yake da sinadarin alli. Masu sayen itace kuwa in ka sake musu har tsinke zasu loda a mota, masu gawayi kuma su gina ramin ƙuna a tsakiyar gonar. Tun wajen ciniki ka faɗa musu, Alhaji gungume na sayar maka, ganye da ƙirare da ɓawo nawa ne, a sassabe a nan a ɓare a nan. Ka jera ragowar tsakanin layukan kututture, kar ka binne kan kututturen da su. Mota kuma ta tsaya a hanya ɗaya, in ƙasa da laima ma kar ta shiga, inda taya ta danne shekaru yake yi saiwa bata ratsa shi.

Turare da malaina da kasiya da darbejiya duk suna sake tohowa daga kututture, a sare su ƙasa-ƙasa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a ɗan karkace don kar ruwa ya zauna akai. Zaka ga toho ya fito goma ko fiye a gindi ɗaya, ka bari su yi kamar tsawon mutum sannan ka zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da suka fito daga ƙasan kututturen ka cire sauran, ganyensu ma ka barshi a wurin. Sai bayan ka rage su zaka dawo da gwangwaninka, damina ta farko bayan sara, kamfa giram 100 a tsakanin kututture da kututture inda tsofaffin saiwoyi suka bazu, a rufe da ƙasa, in da ruɓaɓɓen taki a ƙara kwando guda a duk 'yan gindi. Gurbin da kututture ya mutu kuma ka haƙa sabon rami a gefensa ba a kansa ba, ni a irin waɗannan guraben bagaruwa ko dakwara nake sawa yanzu maimakon in mayar da turare.